Yatsan Auduga na Iwabuchi

Iwabuchi Kiyoharu yatsu tara gare shi, kuma a layin masu aikin ƙarfe na unguwar Kamata babu wanda bai san yadda na goman ya tafi ba. Yana ɗan shekara sha tara injin buga faranti ya datse masa ƙaramin yatsan hagu, ya bar masa gaɓa ɗaya. Likita ya ɗinke wurin, ubangidansa ya ba shi hutun kwana huɗu, a na biyar ya dawo bakin aiki. A layin wannan ba labari ba ne. In ka tara tsofaffin wurin su goma a teburin shayi, da wuya ka haɗa yatsa ɗari.

Matsalar tana wajen layin. Kowa a ƙasar nan ya san su wa ke yawo da guntun ƙaramin yatsan hagu: 'yan daba ne da suka yi wa ogansu laifi, suka yanke suka naɗe a ƙyalle suka miƙa masa don ya huce. Da injin ya ɗauki na tsakiya, ko babban, da duk wanda ya gani ya ce masa sannu. Sai ya tashi ya ciji daidai wurin da ake zargi. Shi kuwa Iwabuchi, mutumin da ko kyanwa ya samu kwance a kujerarsa sai ya nemi wani wurin zama, haka ya yi shekara arba'in da takwas yana ɗauke da tambarin mutanen da bai taɓa ko gaisawa da su ba.

Ya sha ganin abin. Wani mai gidan haya ya riga ya miƙo masa makulli, idonsa ya faɗa kan hannun, nan take ya tuna cewa ashe ya yi wa ɗan ƙanwarsa alkawarin ɗakin. Mahaifin Harue, matarsa, bai yarda da auren ba sai da ya shiga jirgin ƙasa ya zo har shagon, aka nuna masa injin da ya yi aika-aikar, ya zagaya shi sau biyu kamar mai tayin saniya. Ranar wasannin makarantar 'yarsa Chizuru, iyayen da ke kusa da tabarmarsu sun tattara akwatunan abincinsu sun matsa gaba, wai rana ta dame su. Bai taɓa yin faɗa a kai ba. Ya dai koyi zama da hannun: a aljihu in yana tafiya, a bayansa in za a ɗauki hoto, a ƙarƙashin kwanon shinkafa in ana cin abinci da baƙi. Mutum ɗaya ne ke da izinin taɓa zancen, wato Teraoka mai walda, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu. Kullum da safe in ya ɗaga ƙofarsa sai ya ƙwala masa kira, ogan 'yan daba an tashi lafiya, Iwabuchi ya ce masa ya je ya wanke fuskarsa tukuna.

A cikin shago kaɗai hannun yake sakewa. Daga ƙauyensu na Yamagata ya zo yana ɗan sha biyar, a jirgin da ke kwaso yaran manoma zuwa masana'antu, ya yi shara da goge-goge shekara uku kafin a bar shi ya taɓa inji. Bayan tsautsayin ya koma injin sassaƙa, irin wanda ke riƙe ƙarfe da haƙora uku yana juya shi, mutum yana fere shi da wuƙa. Nan ya tsaya har ya buɗe nasa shagon a ƙasan gidansa. Aiki a layin yawo yake yi: wannan ya yanka, wancan ya huda, Iwabuchi ya sassaƙa, Teraoka ya haɗa, Harue ta ɗora a kwandon keke ta kai wa mai shafe, wanda ke yi wa ƙarfe ruwan ƙyalli. In aka kawo abin da ba a da zanensa, tsohon ƙarfen da kamfaninsa ya mutu tuntuni, wurinsa ake turowa. Zai juya abin a tafin hannu, ya shafa da babban yatsa, ya faɗi kaurinsa kafin ya ɗauko ma'auni. Waɗannan yatsu tara su ne gonarsa da rumbunsa, kuma su ne ya zo ya sa a caca da girmansa.

Doka ɗaya yake da ita wadda ba ya ɗagawa: ba a sa safar hannu a gaban injin da ke juyawa. Fata in ta taɓa haƙoran, yagewa take yi ka janye. Zare kuwa ba ya yagewa, naɗewa yake yi ya tafi da abin da ke cikinsa. Da sanyin hunturu yatsunsa tsagewa suke yi har jini, amma haka yake aiki da su tsirara. Ya taɓa sallamar wani ma'aikaci mai 'ya'ya biyu a kan wannan, ranar da ya kama shi karo na biyu, kuma duk roƙon da aka yi masa bai mayar da shi ba.

Chizuru ce ta kawo zancen kyamara, da ta zo daga Sendai hutun ziyarar kaburbura. Ta bi layin ta ga ƙofofin da aka sauke ba a sake ɗagawa ba, ta dawo ta zaunar da shi. Ta ce masu neman irin aikinsa suna nan tuli, masu tayar da tsofaffin babura da masu gyaran agogon bango, amma a waya suke nema, shi kuma ba ya cikin waya. Ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne da zai tsaya yana wa duniya murmushi.

"Wa ya ce maka ana son fuskarka, Baba?" in ji ta. "Ko Mama haƙuri take yi da ita. Aikin za a ɗauka, daga sama. Ba wanda zai gan ka."

Wannan ta shige shi. Ta bar masa tsohuwar wayarta da wani abin ɗora waya mai ƙafa uku da ta saya a kanti, ta koma.

Mai ƙafa ukun bai kwana biyu ba. Da zarar an kunna injin sai daɓen ya ɗauki rawa, hoton ya koma kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Iwabuchi ya kwance abin gaba ɗaya, ya ga notinansa na roba ne, ya ji haushi kamar an zage shi. Ya ce in dai abin riƙe waya ne, zai ƙera wanda jikokin mai kantin za su zo kallo.

Da farko ya so rataye shi a ƙarfen rufi. Sai ya gano rufin shagon shi ne daɓen ɗakin girki, duk takun da Harue ta yi sai ya fito a hoto. Ya koma kan ginshiƙin kusurwa, wanda ya nutse cikin siminti. Teraoka ya liƙa masa faranti a jikinsa yana mita, mai roba na ƙarshen layi ya yanko masa faifai huɗu da za su shanye girgiza. Hannun mariƙin wayar kuwa da bututun ƙarfe ya yi shi, gaɓa uku kamar na mutum, kowace gaɓa ya sassaƙa ta da tagulla har sai da take juyawa ba ƙara ba sako-sako. Ya ciro sifirin daga tsohuwar fitilar tebur, ya rataya dunƙulen ƙarfe a baya don nauyi ya daidaita, ta yadda da yatsa ɗaya za ka tura wayar inda kake so ta tsaya cak. Ya sa gilashi a ƙarƙashinta saboda ɓarɓashin ƙarfe mai zafi. Ya ɗaura wayar ƙarfe ta tsaro har biyu saboda girgizar ƙasa. Mako uku yana wannan, aikin mutane na jira, Harue na ba su haƙuri a bakin ƙofa.

Ranar gwaji ya ɗaure kofin shayi cike fal a bakin hannun, ya kunna injin ya kai shi ƙarshen gudunsa. Shayin ko motsi bai yi ba. Jirgin ƙasa ya wuce ta bayan layin, tagogi suka yi kuka, shayin yana nan yadda yake. Teraoka ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin an yi wa tsohuwar waya gata irin wannan ba, uwarsa ma ba ta samu rabin haka a gidan tsofaffi ba. Ranar Iwabuchi har shinkafa ya ƙara.

A cikin mako ukun nan ya yi tunanin jirgin ƙasa, ya yi na girgizar ƙasa, ya yi na haske da na ƙura. Abu ɗaya ne bai tsaya ya tambayi kansa ba: in kyamara ta leƙo daga sama ba ta ga fuska ba, me za ta gani?

Da azahar suka kalli hoton farko, shi da Harue, wayar jingine da kwalbar miya. Tagulla tana juyawa, wuƙa tana fere ta, ɓawon yana fita a nannaɗe. Sai hannaye biyu suka shigo. Bai taɓa ganinsu haka ba, daga nesa, yadda baƙo zai gan su. Na hagun ya baje a fili abinsa, domin a shago bai san ɓuya ba: ya ɗauki ma'auni, ya share ɓarɓashi, ya kama bakin samfefa ya bi jikin tagullar da ita har ta ɗauki ƙyalli. Guntun yatsan yana nan a tsakiyar hoton, fes, saboda mariƙin da ya ƙera ba ya rawa. Harue ta ce ya yi kyau. Shi kuwa sai ya ga ya saukar da hannunsa ƙarƙashin tebur, a gidansa, a gaban matar da ta yi shekara arba'in tana yanke masa farce.

Chizuru ta sa hoton a intanet, mutane suka yi ca a kai. Ta riƙa bugo waya tana karanta masa yabo: wani ya ce kakansa ya tuna, wata ta ce sau shida ta kalli wurin gogewar. Har aiki biyu suka shigo ta nan. Da ya tsaya a abin da ta karanta masa, da shi ke nan. Amma ya sa tabarau ya bi bayanan ɗaya bayan ɗaya da kansa, yadda yake duba aiki kafin ya fita, har ya iso kan wanda ta tsallake. Wani ne da ba ya da suna ya rubuta cewa aiki ya yi, amma a tambayi baba wane oga ya saɓa wa. Mutum talatin da wani abu sun danna alamar dariya.

Yabo ɗari biyu ya karanta sau ɗaya. Wannan ya karanta shi har ya haddace. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da can mutum ɗaya ne ke kallon hannun a lokaci guda, ya wuce, a manta. Yanzu hannun yana can a buɗe dare da rana, a Sendai, a wayar surukan 'yarsa, a ko'ina, shi kuma ba ya kusa balle ya sa shi a aljihu.

Ya koma kan mariƙin. Ya ƙara masa gaɓa ta huɗu don ya leƙo ta dama, sai mazaunin wuƙa ya tare aikin. Ya mayar da shi baya, sai ƙeyarsa ta cika hoton. Ya sa Teraoka ya cire farantin ya sake liƙa shi ƙasa da taƙi ɗaya. Duk inda ya kai wayar, in an zo gogewa sai hannun hagu ya shigo, domin samfefa baki biyu gare ta, kuma hannu biyu ke riƙe ta.

Safar da ya samo irin farar nan ce ta zare, wadda ake sayarwa dozin-dozin, Harue na sawa in za ta ɗauki kaya. Ya cusa auduga a gidan ƙaramin yatsan, ya daddanna ta da tsinken cin abinci har ta yi siffa, ya ɗinke ta daga ciki da kansa. Ya zura hannu. Yatsu biyar. Ya juya shi, ya dunƙule, ya buɗe. Gaskiyar magana daɗi ya ji, daɗin da ya ba shi kunya, dattijo mai shekara sittin da bakwai tsaye a tsakiyar shago yana kallon hannunsa kamar amarya da lalle.

Harue ta ci karo da ita a aljihun tebur tana neman almakashi. Ta kawo ta ta ajiye a kan injin. Ya ce mata don aunawa ce kawai da ɗaura ƙarfe, lokacin da injin ke kashe, in zai kunna zai cire. Ta tambaye shi ko ya tuna sunan mutumin nan da ya kora. Ya ce ya tuna.

Hoto na biyu haka aka yi shi. Farar safa ta auna, ta ɗaura, ta fita. Wurin yankan ƙarfen kuwa, hannun dama kaɗai ake gani. Gogewar kuwa ya yi ta bayan ya kashe kyamara. Mutane suka kalla, suka ce ina wurin da tagullar ke ɗaukar ido, ai shi muka zo gani. Chizuru ma ta ce kada ya ƙara cire wurin. Ita ba ta san komai a kan safa da inji ba, a ganinta tsabta ce babanta ya koya.

Teraoka ya sani. Ya shigo da ƙarfe uku na rana, lokacin shayi, gilashin walda a goshinsa, bai zauna ba.

"Kiyo, na ga sabon yatsanka. A wace gona ka shuka shi?"

"Injin a kashe yake."

"Yau a kashe yake. Na san ka fa. Kai ne in noti ya ƙi shiga ba ka barci." Ya ɗauki safar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Wani ɗan iska da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba ya yi maka dariya, shi ne za ka ba inji hannunka? Garin neman gira kada ka rasa ido."

"Kai da ke kirana ogan 'yan daba kullum?"

"Ni na san kai ba shi ba ne, shi ya sa nake faɗa."

"To su ba su sani ba," in ji Iwabuchi.

Teraoka ya ajiye safar ya fita. Tun daga ranar bai sake yi masa kiran safen ba, sai dai ya ce ina kwana, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo.

Daga nan abin ya fara tafiya kaɗan-kaɗan. Wata safiya ya ce bari ya gwada a gudu mafi ƙanƙanta, wanda mutum zai iya ƙirga haƙoran suna wucewa. Ya sa safar, ya kama samfefa, ya bi jikin ƙarfen sau ɗaya. Ba abin da ya faru. Sai ya ji taku a matakala. Harue ta yi shekara arba'in tana girki a saman injin nan, ta san muryarsa fiye da ta mijinta, kuma ta san babu aikin da ake yi a wannan gudun. Kafin ta sauko ya tura safar a aljihu. Ta dube shi, ta dubi wayar da ke rataye a sama, ta ce ta zo ɗaukar tsintsiya ne. Ta koma ba tsintsiyar.

Washegari ya ƙara gudu kaɗan. Rana ta uku ma ya ƙara. Yana gaya wa kansa cewa dokar ta sababbin shiga ce, shi hannunsa ya san inda haƙoran suke ko ido rufe. Kuma ba ƙarya ya yi ba, nan ne ma mugun abin yake. In ana gogewa hannun hagu ne ke kusa da haƙoran, kuma a hannun, gefen ƙaramin yatsa ne ke fuskantarsu. Shekara arba'in da takwas hannun nan yana wucewa ta gabansu da tazarar da ba ta fi kaurin fensir ba, bai taɓa kuskure ba. Amma awon da ya haddace na hannu mai yatsa huɗu ne. Yanzu a daidai wurin da ya saba babu komai, akwai gaɓa biyu na auduga, wadda ba ta jin iska, ba ta jin zafi, ba za ta gaya masa ta kusa ba.

Ranar Alhamis, bayan sun ci shinkafa da gasasshen kifi, Harue ta ɗora kaya a keke za ta kai wa mai shafe a ƙetaren gada. Ta fita da keken, ta jingine shi, ta dawo ta miƙa masa tafin hannu.

"Baban Chizuru, ba ni ita."

Bai yi musu ba. Ya ciro safar daga aljihu ya ɗora mata. Ta sa ta a jakarta, ta ce ba za ta wuce awa ɗaya ba, ta hau ta tafi. Ya tsaya a ƙofa har ta sha kwana. Tun daren da ta fara ganinta ya ɗinka ta biyu, tana cikin gwangwanin notina.

Aikin ranar sandar tagulla ce ta wani tsohon injin niƙa kofi, kyakkyawa, mai wuya da ƙugu. Ya riga ya gama yankan. Ya jawo mariƙin da yatsa ɗaya, ya zo ya tsaya a kan aikin shiru. Ya gyara fitila, ya goge gilashin, ya danna jan maɓallin wayar. Ya zura safar, ya daidaita yatsan audugar ya miƙe da 'yan'uwansa. Ya kai injin gudun da ake gogewa da shi na gaskiya, ya kunna.

Bi na farko lafiya. Na biyu lafiya, tagullar ta fara fitar da haske daga dama zuwa hagu. Ya ji hankalinsa ya kwanta. A bi na uku, hannun yana gangarawa wajen haƙoran, sai ya so ya ga yadda abin ya fito. Tun yana ɗan sha tara bai taɓa ɗauke ido daga ƙarfe mai juyawa ba, domin babu abin kallo a sama. Yanzu ya ƙera wa kansa abin kallo. Ya ɗaga kai. A cikin wayar ya ga hannaye biyu farare, cikakku, suna aiki, ba wanda zai ce musu komai.

Bai ji zafi da farko ba. Ji ya yi an ja shi, kamar yaro ya kama masa hannun riga. Sai kafaɗarsa ta bugi injin. Ƙafarsa ce ta cece shi, ita da ba ta san zancen kyamara ba: ta taka birki da kanta, injin ya yi wani irin gurnani ya tsaya. Teraoka ya ce daga bayan bango ya ji muryar injin ta canja, ya yar da abin waldarsa a kunne ya fito da gudu. Shi ya yanke zaren da almakashin ƙarfe, shi ya ɗaure dantsen da igiyar rigarsa, yana ta zaginsa har motar asibiti ta zo, hawaye na bin baƙin fuskarsa.

Harue ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe da mutanen layi tsaitsaye. Ta shiga shagon. Wayar tana nan a sama tana ɗauka, ba wanda ya tuna da ita. Ta miƙa hannu ta kashe, sannan ta tambayi wane asibiti.

Likitoci sun ceto babban yatsa da manuni, amma manunin ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Na tsakiya da na kusa da shi sun tafi, da guntun da ya jawo duk wannan. Wuyan hannun ya karye wuri biyu. Chizuru ta zo ta yi kuka ta ce ita ta jawo, ya ce mata ta bar wannan zancen, waya ba ta ɗinka safa. Harue ba ta taɓa ce masa na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Aikin da ake turo masa sai aka fara turawa garin Kawasaki, mutanen layi suna yi a ɓoye don kada ya ji, shi kuma yana ji.

Bayan wata uku, wata safiya, yana zaune a ɗakin jira na wurin gashin ƙashi, Harue ta je miƙa kati. Hannun yana kan gwiwarsa, domin yanzu ba ya shiga aljihu. Wani mutum mai matsakaicin shekaru da sandar guragu ya zo ya zauna kusa da shi. Iwabuchi ya ga idonsa ya sauka kan hannun, ya jira abin da ya saba gani: a ɗauke kai da sauri, a gyara zama, a tuna da wani uzuri. Mutumin bai matsa ba. Ya ma ɗan sunkuyo.

"Inji ne ko, Baba?"

Iwabuchi ya dube shi. Tun yana ɗan sha tara yake jiran baƙo ya yi masa wannan tambayar.

"Inji ne," in ji shi.

"Sannu. Ai da gani ba tambaya. Ƙanen babana ma haka ta same shi a wurin katako." Mutumin ya gyara sandarsa. "Wane aiki kake yi?"

Ya buɗe baki zai faɗa yadda ya saba faɗa, da sunan layin da na shagon, sai ya fasa. Ya daɗe yana kallon yatsu biyun da ke kan gwiwarsa.

"Da dai ina sassaƙa ƙarfe," ya ce.

Aka kira sunansa. Harue ta zo ta tsaya a gabansa ta fara ɓalle masa maɓallan riga.